Babin da Malama Suwaiba Ta Tsallake

"Ni ban ce shi ne ba, Malama," in ji Kawu Ladan. "Cewa na yi ki zo ki gani."

"Kai ba ka gani ba ne, Kawu?"

"Na gani. To me na gani? Jaka ce ta tamfal cike da ƙarafuna. Masu gyaran inji nawa ne a bakin wannan kogi, tun daga Jama'are har ƙasar Yobe? Idona ba ya raba wannan ɗinki da wancan. Ke kika ɗinka ta, ke za ki faɗa."

A gindin bishiyar maina suke tsaye, cikin filin makarantar firamaren da Malama Suwaiba take koyarwa a garin Katagum. Bazara ce, rana ta riga ta yi zafi tun kafin hantsi. Kawu Ladan ƙanen uwar mijinta ne, tsohon masunci, kuma shi ake kira idan ruwa ya ci mutum, ya yi nutso ya nemo. Yau ya sa rigarsa ta zuwa Juma'a, alhali Laraba ce. Suwaiba ta lura da wannan tun daga nesa.

"Yara suna jirana," ta ce.

"Yanzun nan aka tashi tara. Ga su can suna kokawa a kan awara. 'Yar Azare, ni za ki yi wa wayon birni?"

Ta so ta yi murmushi, bakin bai yarda ba. Ta dubi allin da ke hannunta, ta ga ta karya shi biyu ba ta sani ba.

"An gan shi yana iyo, Kawu. Kai da kanka ka ji."

"Na ji."

"Mutumin da aka haifa a bakin ruwa."

"A hannuna ya koya. Shi ya sa ban matsa miki ba duk watannin nan. Amma Yaya Fatu ba ta barci, ba ta cin abinci. Kullum da asuba sai ta tambaye ni, addu'ar mai rai za ta yi wa ɗanta ko ta mamaci? Ni ban da amsa. Ta ce ba za a yi masa sallar gawa daga nesa ba sai da yardarki. To ga abu ya fito. Ran Asabar zan zo da mashin. In kin fito mu tafi, in ba ki fito ba in juya."

Bai jira ta ce komai ba, ya kama hanyar ƙofar makaranta yana ɗan jan ƙafa.

Suwaiba ba 'yar ruwa ba ce. A Azare aka haife ta, a gidan wani tela da ke da rumfa a bakin kasuwa. Ta tashi cikin ƙarar keken ɗinki da ƙyallaye, kuma kafin ta iya rubuta sunanta ta iya zura zare a allura. Ruwa mafi girma da ta sani a ƙuruciya shi ne kududdufin bayan unguwarsu. Mahaifinta ya tsaya mata ta yi makarantar horon malamai, ta fito da takardar koyar da Turanci. A rumfarsa ta fara ganin Jabiru, wani dogon saurayi daga Katagum mai baƙin mai a ƙarƙashin farce, ya kawo wando a rage masa tsawo. Sana'arsa gyaran injin ban ruwa da na niƙa. Ba shi da yawan magana, amma in ya yi dariya har maƙwabta sai sun leƙo.

Da aka kawo ta gidan Jabiru a Katagum amarya, damina ce. Ranar da ta fara ganin kogin a cike, ja wur, yana tafe da rassan itace da mushen akuya, ta riƙe hannun ƙawarta ta ce a mayar da ita gida. Dangin miji suka yi ta yi mata tsiya da wannan har ta haifi Rukayya. A hankali ta saba. Ta iya gyara kifi, ta san lokacin da ruwa yake hawa da lokacin da yake sauka, amma ba ta taɓa shiga kwalekwale da son ranta ba.

Akwai shekarar da igiyar jakar Jabiru ta tsinke a tsakiyar kogi, kayan aikinsa kaf suka nutse. Kawu Ladan ya yi ta nutso, sifana biyu kawai ya samo. Jabiru ya yi wata guda yana aron kaya a wurin abokan sana'a, suna yi masa dariya. Da Suwaiba ta je ganin gida, ta zauna a kan keken mahaifinta ta ɗinka masa sabuwar jaka da tamfal mai kauri. Ta yi mata igiyar ratayawa a kafaɗa, ta ƙara wata ta ɗaurawa a ƙugu, kamar yadda masu gyara suke yi in za su haye ruwa don kada kaya su zame. Ta bi ɗinkin sau uku da koren zare irin na masu takalma. Jabiru ya ja igiyar da ƙarfinsa duka, ya ce, "Wannan ko jaki aka ɗaure da ita ba zai kwance ba."

A daminar bara, ranar wata kasuwa ta tsallaken kogi, ya je gyaran injin niƙa. Da yamma suka cika kwalekwale, mutane da buhuna da awaki har da babur. Suna kaiwa inda ruwa yake juyawa, gaban jirgin ya nutsa. Masunta suka ceto waɗanda suka iya cetowa. Sauran, Kawu Ladan da mutanensa suka yi kwanaki suna fito da su ɗaya bayan ɗaya, ana shimfiɗawa a kan yashi. An sami kowa, ban da Jabiru. Wata mata da ta tsira ta rantse cewa shi ya tura mata jarka ta riƙe, kuma ta gan shi yana iyo.

Wannan magana Suwaiba ta riƙe. Mata suka zo gaisuwar mutuwa, ta ce musu babu wanda ya mutu a gidan nan. Aka yi mata zancen takaba, ta tashi ta shige ɗaki. Ta ce ruwa ya kai shi nesa ne, wataƙila ya bugu a ka, yana kwance a wani gari bai san kansa ba. Ta aika cigiya Gashuwa, ta aika Nguru. Takan kira lambarsa in ta idar da sallar asuba, ta saurari muryar da ke cewa wayar a kashe take, sannan ta ɗora ruwan koko.

Ana cikin haka aka kawo wa 'yan aji shida littafin karatun Turanci na wannan zango. Labari ne na yara, a kan wani jirgin katako na zamanin da, irin wanda iska ke turawa, da ya daki dutse a tsakiyar teku ya tarwatse. A ƙarshen kowane babi akwai kalmomi masu wuya da malami zai rubuta a allo ya yi bayani. Hedimasta ya miƙa mata yana kame-kame, ya ce in tana so a ba wani malamin. Ta karɓa ta ce aikinta ne.

Da farko ya zo mata da sauƙi, don jirgin littafi bai yi kama da kwalekwalen Katagum ba. Ta koya musu kalmar da ke nufin dogon itacen da ake ɗaura wa zane don ya kama iska. Ta koya musu ta ƙarfen nan mai ƙugiya da ake jefawa ƙasan ruwa don jirgi ya tsaya. Ta ce teku ruwa ne mai gishiri wanda ba a hango gaɓarsa, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce to ashe kifin can ba ya buƙatar a sa masa gishiri a miya. Aji ya kwashe da dariya, ita ma ta yi.

Da aka zo babin da wasu matafiya suka kama katako suka kai wani tsibiri, sai ta tsaya a kan kalma ɗaya, wadda ke nufin mutumin da ya tsira bayan an fid da rai. Ta rubuta ta da manyan haruffa. Ta sa suka maimaita, suka yi jimla da ita, suka sake yi washegari. Ta hana mai share allo ya goge ta. Babin da ke biye kuwa ta karanta shi a gida ita kaɗai, ta rufe littafin. A cikinsa ne waɗanda suka tsira suke bin gaɓa da safe suna tattara waɗanda teku ya dawo da su. Kalmominsa su ne na tarkacen jirgi, da nutsewa, da abin da ruwa ya turo gaɓa, da kabarin da ba a san mai shi ba. Ranar Litinin ta buɗe wa yara babin da ke gaba da shi, ta ci gaba kamar babu komai.

Yau, bayan tafiyar Kawu Ladan, ta shiga aji. Ta fara bitar kalmomin da za su fito a jarrabawa. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu. Ya Gana ce, wadda mahaifiyarta tana cikin kwalekwalen nan, aka same ta a rana ta biyu.

"Malama, akwai babin da ba mu yi ba."

"Za mu dawo masa."

"Na karanta shi a gida. Kalmomin ne ban gane ba, amma na gane abin da suke yi." Ta sauke hannunta. "Sun wanke su ne, Malama? Littafin bai faɗa ba. Mu tamu an wanke ta."

Suwaiba ta juya ga allo. Kalmar nan mai manyan haruffa tana nan a kusurwa, allin ya fara dusashewa.

"Zauna, Ya Gana," ta ce. "Zan duba miki."

Ran Asabar, kafin Kawu Ladan ya kashe mashin a ƙofar gida, ta fito da mayafinta. Ta bar Rukayya a ɗakin surukarta, Inna Fatu. Tsohuwar tana kwance a kan tabarma, ta bi ta da ido kawai.

Tafiya ce mai nisa, suna bin gefen kogi zuwa gabas. Kogin da ya ci mutane bara ya zama farin yashi, sai 'yan tafkuna nan da can, yara suna wasa a tsakiyarsa. A hanya Kawu yake ba ta labari yana ɗaga murya saboda ƙarar inji. A kasuwar shanu ta Azare ya haɗu da wani makiyayi mai suna Jumare. Hira ta kawo hira, Jumare ya ce da kaka sun binne wani baƙo da ruwa ya kawo kusa da rugarsu. Ba su daɗe ba suka tashi da shanu zuwa kudu, sai yanzu suka dawo.

"Me ya hana su yin cigiya?" ta tambaya.

"Sun yi, irin tasu. Za ki gani."

Rana ta take lokacin da suka isa. Jumare ya tarye su, siririn dattijo da malafa da sanda a kafaɗa. Matarsa ta kawo nono a ƙwarya. Suwaiba ta kai baki don kada a ce ta ƙi, ta ajiye ƙwaryar. Ya shige gaba suka bi shi zuwa inda kogin ya yi gwiwa, wurin wata tsohuwar bishiyar giyayya wadda ruwa ya tone wa saiwoyi.

"A nan muka same shi," in ji Jumare, da Hausarsa mai gardin Fulatanci. Ya nuna cikin saiwoyin da sanda. "Da ruwa ya janye. Yarana suka zo shayar da shanu, shanun suka ƙi matsowa. Hajiya, ki yi haƙuri, fuska babu abin ganewa. Ba a iya wanka ba, ruwa muka zuba masa. Muka sa shi a sabon zane, ni na ja sallar, mu biyar. Ga shi can kan tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa."

Ta duba. Tarin ƙasa ne da aka lulluɓe da ƙaya saboda karnuka da dila. Ciyawa ta fito a kai ta bushe.

"Abin da aka samu a jikin baƙon ruwa, mu ba ma kai shi gida," ya ci gaba. "Haka muka ga iyayenmu suna yi. A rataye shi a itace, yana kallon kogi, don masu wucewa a jirgi su gani su kai labari. To sai ruwan ya ƙafe, jirgi ya daina wucewa. Mu kuma muka tashi."

Ya ɗaga sandarsa sama. Jakar tana rataye a wani reshe. Rana ta cinye launinta, tsatsa ta zubo ta ƙasanta ta yi ja.

"Ban sauke ta ba ko da wannan bawan Allah ya zo," in ji Jumare. "Ya ce mai ita tana nan tafe."

Kawu Ladan ya miƙa hannu, ya fasa. Jumare ne ya sa sanda ya zaro ta, ta sauko da nauyi, ƙarafunan ciki suka yi ƙara. Ya ajiye ta a kan yashi a gabanta, ya ja da baya.

Suwaiba ta durƙusa. Ba ta buɗe ta ba. Ta juya ta, ta nemi inda igiya ta haɗu da jiki, ta sa babban yatsa ta goge busasshen taɓo. Ɗinki layi uku. Zaren ya koɗe a sama, amma da ta ɗaga bakin tamfal, a ciki kore ne shar. A kusurwa ga inda ta koma da baya ta sake bi, kamar yadda mahaifinta ya koya mata. Ta bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe. Ko ɗaya bai tsinke ba. Igiyar ƙugu ce kaɗai a yanke, yanka mai kyau, kusa da ƙulli.

"Wannan mu ne," in ji Jumare a hankali. "Ƙullin ya ƙi kwantuwa. Sai da wuƙa."

Ta daɗe a durƙushe. Wata saniya ta yi kuka daga nesa. Can ta ce, da muryar da take kiran sunayen yara da safe, "Ta Baban Rukayya ce."

Mazan biyu suka yi salati, suka ce daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu Ladan ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ita ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga jakar da hannu biyu, ta ji nauyinta, ta sake ajiyewa.

"Kawu."

"Na'am, 'yata."

"Da babu ita a jikinsa, da ya fita?"

Tsohon ya mayar da hularsa. Ya dubi yashin kogin kamar yana neman wani abu a ciki.

"Ruwan ranar ya ci waɗanda ba su ɗauke da ko allura," ya ce. "Amma na san abin da kike tambaya. Ban sani ba. In na ce miki na sani, na yi ƙarya. Ni dai na san shi ya ɗaura ta da hannunsa, kamar yadda kowane mai gyara yake ɗaurawa."

Ta hau tudun ita kaɗai, ta tsaya a gefen ƙayar, ta ɗaga hannu. Karo na farko ta yi masa addu'ar da ake yi wa mamaci. A nan ne kukan ya zo, mara ƙara.

Da suka koma Katagum da la'asar, ita ta shiga ta faɗa wa Inna Fatu. Tsohuwar ta ce a tayar da ita zaune, ta nemi ruwa ta yi alwala, sannan ta tambaya ko an yi masa salla. Aka ce an yi. Ta ce, "Alhamdulillahi. To a dafa mini kunu."

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Suwaiba ta cire 'yan kunnenta, ta wanke kwallin idonta, ta aika a tambayi liman yadda za ta fara takaba. Kawu Ladan ne ya dawo da amsa, ya tsaya daga bakin ƙofa yana murza hula. Liman ya ce takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar da labari ya zo ba. Tata ta riga ta ƙare tun cikin sanyi.

"Ta ƙare?" in ji Suwaiba. "Ban zauna masa ko yini ɗaya ba."

"Haka malam ya ce."

Abin da ta yi watanni tana gudu, ashe ya zo ya wuce tana tsaye a gaban allo. Ta dubi 'yan kunnen a tafin hannunta. Ba ta mayar da su ba, ta ƙulle su a bakin zane.

Bayan an yi addu'ar uku aka naɗe tabarmi, ta koma makaranta. Hedimasta ya tare ta a baranda ya ce ta ƙara hutawa, wani zai riƙe mata ajin. Ta gode masa ta ce jarrabawa ta matso. Ta hango Kawu Ladan a gindin maina, da jakar a ƙafarsa.

"Ƙarafunan nan," ya ce, "in an jiƙa su a kananzir za su tashi. Yaya za a yi da su?"

"A tambayi Inna. In ta yarda a ba wanda zai yi aiki da su. Jakar kuma ka kai mini gida."

"Za ki iya ajiye ta a ɗaki?"

"Ni na ɗinka ta, Kawu."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi littafin da ke hannunta, ta sa yatsa a tsakiyarsa.

"Har yanzu jirgin Turawan nan bai gama nutsewa ba?"

"Saura babi ɗaya da na bari a baya. Akwai yarinyar da ta yi mini tambaya, ban ba ta amsa ba."

Aka buga ƙarfen shiga aji. Yara suka taso daga wurin masu awara da gudu, suna ture juna a ƙofa. Malama Suwaiba ta gyara mayafinta, ta ɗauki tsumman share allo da aka shanya a kan taga, ta nufi aji shida.